Wa Zai Zo Idan Aka Kira 911 a Karkarar Amurka?

A watan Satumban 2010 wani gida ya kama da wuta a gundumar Obion ta jihar Tennessee, a wajen iyakar wani ƙaramin gari mai suna South Fulton. Mutanen gidan suka kira 911, lambar neman agajin gaggawa. Da aka duba rajista sai aka ga ba su biya dala 75 da garin ke karɓa duk shekara daga mazauna bayan gari ba. 'Yan kwana-kwana ba su fito ba sai da wutar ta fara lasar gonar maƙwabci, wanda shi ya biya nasa. Suka kare gonar, gidan kuwa ya ƙone ƙurmus suna tsaye. Labarin ya zaga Amurka, aka yi ta tofin Allah tsine, kuma duk mai tausayi dole abin ya sosa masa rai. Sai dai mafi yawan masu fushin ba su tsaya sun tambayi yadda aka yi hakan ta yiwu ba. Gundumar ba ta da rundunar kashe gobara ta kanta da ta game ko'ina. Motar ta garin ce, harajin mutanen garin ne ya saye ta, na waje kuwa sai wanda ya shiga tsarin da kuɗinsa.

Wannan labari ya taɓo jijiyar al'amarin gaba ɗaya. Abin da ke cin kuɗi a aikin agajin gaggawa shi ne zaman ko-ta-kwana: mota a ajiye da mai a cikinta, mutum a horar da shi, waya a kunne dare da rana, duk don wata rana da ba a san zuwanta ba. A birni, inda kira ke shigowa kamar ruwan sama, ba a jin nauyin wannan jira saboda masu ɗaukarsa suna da yawa. A karkara mutane kaɗan ne, ƙasa ga faɗi, nauyin kuma bai ragu ba.

Gunduma ita ce matakin mulki da ke ƙasa da jiha, kuma Amurka tana da su sama da 3,100. Texas kaɗai tana da 254, Delaware kuwa uku. Bambancin da ke tsakaninsu ya wuce misali: gundumar Los Angeles tana da mutum kusan miliyan 10, gundumar Loving ta Texas kuwa mutum 64 aka ƙirga a ƙidayar 2020. Yawanci wasu zaɓaɓɓun kwamishinoni ne ke riƙe da kasafin kuɗinta, sai sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, wanda shi ma a mafi yawan wurare ƙuri'a ce ke kawo shi. Gwamnatin tarayya ba ta da rundunar kwana-kwana ko motar asibiti da za ta zo ƙofar gidan mutum. Wannan hurumin jihohi ne, su kuma jihohin sun sauke shi a kan garuruwa da gundumomi, kowace jiha da irin dokarta. Shi ya sa idan ka shiga gunduma ɗaya ta karkara za ka iya tarar da rundunonin kashe gobara goma ko fiye, kowace da shugabanta da asusunta, ga motar asibiti ta wani kamfani ko ta wata ƙungiyar sa-kai, ga kuma ofishin bala'o'i mai ma'aikaci ɗaya. Aikin gunduma a nan shi ne ɗinke waɗannan guntaye su zama abu guda a lokacin da ake buƙata.

Zaren ɗinkin shi ne cibiyar karɓar kira. An fara amfani da lambar 911 ranar 16 ga Fabrairun 1968 a Haleyville, wani ƙaramin gari a jihar Alabama, amma sai a 1999 doka ta tabbatar da ita a matsayin lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya. A karkara cibiyar takan kasance ɗaki guda a ofishin sherif, mutum biyu ko ma ɗaya a gaban kwamfuta da rediyo cikin dare. Wani ɓangare na kuɗin gudanar da ita yana fitowa daga ɗan ƙarin da ake ɗora wa kowane layin waya a wata. Tambayar farko da mai karɓar kira zai yi ita ce ina abin ya faru, kafin ma a ce mene ne ya faru, domin idan layi ya yanke aƙalla an san inda za a nufa. Wannan tambaya ce ta tilasta wa gundumomi da yawa raɗa wa kowace hanyar ƙauye suna da ba kowane gida lamba, alhali a da sai dai lambar akwatin gidan waya da kwatance. Da zarar an gane wurin, kwamfuta za ta nuna rundunar da yankin ke ƙarƙashinta, sai a aika wata ƙara ta musamman ta rediyo wadda ke tada 'yar na'urar da kowane ɗan sa-kai ke ɗauke da ita a ƙugu. Mai karɓar kiran kuma ba ya ajiye waya. Idan zuciyar mutum ce ta tsaya, shi zai riƙa ƙirga wa matar gidan yadda za ta danna ƙirjin mijinta har taimako ya iso. A wurin da mota ke buƙatar minti 20, wannan muryar ita ce agajin farko, kuma sau da yawa ita ce ke raba rai da ajali.

To wa ke amsa ƙarar? Alƙaluman ƙungiyar NFPA, mai tsara ƙa'idojin kashe gobara a ƙasar, sun nuna cewa a 2020 akwai 'yan kwana-kwana ɗan sama da miliyan ɗaya a Amurka, kuma kusan kashi 65 cikin ɗari 'yan sa-kai ne. A ƙananan garuruwa kusan dukkansu ne. Al'adar tsohuwa ce, tun rundunar da Benjamin Franklin ya kafa a Philadelphia a 1736. Manomi ne, ko bakanike, ko malamar makaranta, ko mai shago. Na'urar ta yi ƙara, ya ajiye abin da yake yi, ya shiga motarsa ya nufi tasha, ya sa kayan aiki, ya jira na biyu da na uku su iso, sannan a tada babbar mota a kama hanya. Kowane mataki minti ne ke tafiya. Ƙa'idar NFPA ta rundunonin sa-kai ta ce a yankin karkara a yi ƙoƙarin kai mutum shida wurin gobara cikin minti 14, a kira takwas cikin goma. Matsalar ita ce gidajen zamani, cike da kujerun soso da kayan roba, ɗaki kan iya rikiɗewa ya zama wuta gaba ɗaya cikin ƙasa da minti biyar. Haka kuma dokar kare ma'aikata ta ce kafin mutum biyu su kutsa cikin ginin da ke ci, sai an sami wasu biyu a waje cikin shiri, in ba an san akwai ran da za a ceta nan take ba. Idan ka haɗa wannan lissafi za ka gane dalilin da ya sa a karkara na'urar jin hayaƙi da ke manne a silin ta fi motar kwana-kwana ceton rai. Motar takan zo ne ta hana wuta tsallakawa zuwa rumbu da gidan maƙwabci.

Sai maganar ruwa, wadda ɗan birni ba ya ma tunaninta. A birni akwai famfon kashe gobara a bakin titi. A ƙauye sai abin da ka ɗauko. Motar kashe gobara takan ɗauki galan 750 zuwa 1,000, wato ƙasa da lita 4,000, tiyo ɗaya kuma yana iya zubar da galan 150 a minti. Cikin minti biyar ko shida an tatse ta. Dabarar da suka ƙware a kai ita ce jigila. Tanka ta farko na isowa sai a shimfiɗa wani tanki mai naɗewa a ƙasa, ta juye ruwanta a ciki cikin minti biyu ko uku, ta juya ta nufi tafki ko rafi, inda tun tuni aka binne bututu da bakinsa a gefen hanya don zuƙo ruwa. Kafin ta dawo ta biyu ta juye nata, ta uku na hanya. Motar da ke fesawa tana zuƙa daga tankin ƙasa ba tare da tsayawa ba. Runduna ɗaya ba ta da tankokin da za su riƙe wannan zagaye, don haka ake ƙulla yarjejeniyar taimakon juna da maƙwabta, har a wasu wurare cibiyar kira kan tada runduna uku lokaci guda da zarar an ce gini ne ke ci. Abin sha'awa ne ganin mutanen da ba a biyansu ko sisi suna gudanar da aiki mai tsari haka da ƙarfe uku na dare cikin sanyin hunturu.

Wannan ƙwazo yana da tasiri har a aljihun wanda bai taɓa kiran su ba. Akwai wani ma'auni da kamfanonin inshora ke dubawa, wanda ke ba kowane yanki maki daga 1 zuwa 10 bisa ƙarfin rundunarsa da ruwansa da cibiyar kiransa. Gidan da ya wuce mil biyar daga tasha, kimanin kilomita takwas, yawanci a mataki na 10 yake faɗawa, mai shi kuma ya biya inshora da tsada. Saboda haka wani lokaci abin da ke shawo kan jama'a su yarda da harajin gina ƙaramar tasha shi ne a nuna musu rangwamen da za su samu a inshora.

Kuɗin rundunonin daga wurare barkatai yake zuwa. Wasu jihohi sun yarda a kafa yanki na musamman mai ikon ɗora harajin kadara don kashe gobara. A Texas irin wannan yanki ba zai wuce santi 10 a kan kowace dala 100 ta darajar kadara ba. Gwamnatin tarayya tana da tallafin sayen kayan aiki tun farkon shekarun 2000, amma gasa ake yi, kuma rundunar da ke da wanda ya iya cike takardu ita ke ci. Saura sai liyafar soyayyen kifi, da sayar da tikitin cin kyauta, da tsayawa a mararraba da takalmin aiki a hannu direbobi na jefa canji. Sabuwar motar kashe gobara a yau kuwa ta doshi dala miliyan ɗaya, rigar shiga wuta ƙa'ida ta ce a jingine ta bayan shekara 10. A ganina akwai rashin adalci a nan: mutum ya ba da lokacinsa, ya sa ransa a haɗari, sannan kuma shi ne zai fita bara don sayen rigar da zai shiga wuta da ita.

Ba mamaki adadinsu ke raguwa. A 1984 'yan sa-kai sun kusa 898,000, a 2020 sun koma kusan 677,000, alhali yawan kira ya ninka fiye da sau uku. A jihar Pennsylvania an kiyasta cewa daga wajen 300,000 a shekarun 1970 sun faɗo zuwa kimanin 38,000 a 2018. Dalilan a bayyane suke. Matasa sun tafi birni. Waɗanda suka rage suna aiki ne a wani gari mai nisan awa guda, don haka ƙarar ƙarfe goma na safe ranar Talata sai ta tarar da tsofaffi kawai. Horon farko ya haura awa 100, ban da na kullum. Ga kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba: gobara ba ta kai kashi biyar cikin ɗari na kiran da rundunonin ke amsawa ba, kusan kashi biyu cikin uku na rashin lafiya ne da hatsari. Wanda ya shiga don kashe wuta sai ya tarar da kansa yana ɗaga dattijuwar da ta faɗi a banɗaki, ko yana zaro ɗan maƙwabcinsa daga motar da ta kife. A ƙauye babu baƙon majinyaci, kowa ɗan wani ne da ka sani, kuma wannan yana cin zuciya.

Haɗarin kuma ba ya la'akari da ƙanƙantar gari. Ranar 17 ga Afrilun 2013 gobara ta tashi a wata ma'ajiyar takin zamani a garin West na Texas, mai mutum ƙasa da 3,000. 'Yan sa-kai suka garzaya. Kimanin minti 20 bayan kiran farko sinadarin da ke jibge a ciki ya tarwatse, mutum 15 suka rasu, 12 daga cikinsu masu kai agaji ne. Binciken hukumar tarayya mai kula da haɗurran sinadarai ya nuna cewa rundunar ba ta da shiri ko horo na musamman kan abin da ke cikin wannan ma'ajiya. Tun 1986, bayan bala'in iskar guba na Bhopal a Indiya, doka ta tanadi kwamitin yanki da zai san irin sinadaran da ke ajiye a kowace al'umma. Amma kwamiti a takarda daban, mutumin da zai zauna ya karanta rahoto ya horar da jama'a daban.

Duk da haka, ɓangaren kashe gobara ya fi na motar asibiti tsayuwa da ƙafafunsa. A nan ne ciwon ya fi tsanani, kuma tarihinsa ya bayyana dalili. Har tsakiyar shekarun 1960, kusan rabin jigilar marasa lafiya a Amurka masu shirya gawa ne ke yin ta, saboda su ke da doguwar motar da mutum zai kwanta a ciki. A 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta fitar da wani rahoto da ya fallasa yadda mutane ke mutuwa a kan tituna don rashin kulawa kafin a kai su asibiti. A wannan shekarar aka yi dokar kiyaye haɗurran hanya, wadda ta sa har yau ofishin tarayya mai tsara wannan aiki yana ƙarƙashin ma'aikatar sufuri. Dokar 1973 ta zuba kuɗi don gina tsarin yanki-yanki, sai kuma a 1981 aka narkar da kuɗin cikin dunƙulallen tallafin da jihohi ke kashewa yadda suka ga dama. Daga nan kowa ya kama gabansa.

Gadon da wannan tarihi ya bari shi ne ana kallon motar asibiti a matsayin abin sufuri. Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, wadda ita ce babbar mai biya a karkara, a bisa ƙa'ida tana biya ne idan an ɗauki mutum an kai shi asibiti. Idan ma'aikata suka zo suka tarar da mai ciwon suga a sume, suka yi masa allura ya farfaɗo ya ce ba zai je ko'ina ba, sun ceci rai amma galibi ba su da ko kwabo. Yi lissafin da kanka. Mako yana da awa 168. Mota ɗaya tana buƙatar mutum biyu, awa 336 ke nan, wato albashin sama da mutum takwas masu aikin awa 40. Wannan kuɗi yana nan ko an yi kira goma a rana ko ɗaya. Motar birni tana fita sau da yawa, kuɗin ya fito. Ta ƙauye wata rana sau ɗaya za ta fita, wata rana ko sau ɗaya. Ai ba a biyan mai gadi bisa yawan ɓarayin da ya kama, ana biyansa ne don ya kwana ido biyu, amma ga shi an gina tsarin motar asibiti a kan akasin haka. Majalisar dokoki ta san da giɓin, ta kuma ɗora ƙarin kashi 3 cikin ɗari ga karkara da kashi 22.6 ga yankunan da suka fi ƙarancin jama'a, sai dai ƙarin na wucin gadi ne, ana ta sabunta shi lokaci bayan lokaci.

Sakamakon yana bayyana a agogo. Wani bincike da aka buga a 2017 a mujallar likitocin tiyata ta JAMA ya gano cewa matsakaicin jiran motar asibiti a ƙasar minti 7 ne, a karkara kuwa ya haura 14, kuma kusan kira ɗaya cikin goma a karkara yakan jira kusan rabin awa. Wanda zuciyarsa ta tsaya, kowane minti ba tare da danna ƙirji ba yana rage masa damar rayuwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. A 2023 wata cibiyar binciken lafiyar karkara a jihar Maine ta ƙirga mutum miliyan 4.5, a jihohi 41 da ta samu bayanansu, da ke zaune nesa da tashar motar asibiti fiye da tafiyar minti 25. Rufe asibitoci ya ƙara dagula lamarin. Tun 2010 sama da asibitocin karkara 100 sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya. Tafiyar da a da take minti 15 ta koma awa guda, kai da komo awa biyu ko uku, kuma duk tsawon wannan lokaci gundumar mai mota ɗaya a buɗe take. Jirgi mai saukar ungulu yana taimakawa wajen kai wanda ya ji mummunan rauni babban asibiti, amma ba ya tashi a mummunan yanayi, kuɗinsa kuma dubban daloli ne masu yawa.

Shi ya sa gundumomi ke jera agajin hawa-hawa. 'Yan kwana-kwanan ƙauye su fara isa da iskar numfashi da na'urar farfaɗo da zuciya. Motar asibiti mai ma'aikatan matakin farko, waɗanda horonsu ke kaiwa wajen awa 150, ta biyo baya. Idan abin ya yi tsanani sai faramedik, wato ƙwararren ma'aikacin jinyar gaggawa mai horon sama da awa 1,000, ya taho daga hedikwatar gunduma su haɗu a hanya, ya shiga motar a ci gaba da tafiya. Dukkansu suna aiki ne ƙarƙashin lasisin wani likita da ya rattaba hannu kan abin da za su iya yi da wanda ba za su yi ba. Dabara ce mai kyau, amma riƙe faramedik a ƙauye da ƙaramin albashi yana da wuya, don da ya ƙware asibitin birni zai ɗauke shi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a mafi yawan jihohi doka ba ta ma wajabta wa wata hukuma samar da motar asibiti ba. Idan ƙungiyar sa-kai ta gaji ta rufe ƙofa, babu wanda za a kama da laifi.

Ɓangare na uku shi ne na manyan bala'o'i, ambaliya da guguwa da wutar daji. Kusan kowace gunduma tana da jami'in kula da agajin gaggawa, amma a ƙananan gundumomi yakan zama mutum ɗaya, wani lokaci ma aikin ƙari ne a kan wani muƙamin. A Texas doka ta ɗora alhakin a kan zaɓaɓɓen shugaban gunduma, shi kuma ya naɗa mai gudanarwa. Jami'in ba shi da runduna. Dukiyarsa ita ce kundin shiri da lambobin waya: wace makaranta za ta zama mafaka, wa ke da janareto, wane gidan tsofaffi ne za a fara kwashewa kuma da motocin wa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yawancin aikinsa taro ne da atisaye a lokacin da kowa ke ganin ba a buƙata. Idan abu ya faru, kowa yana shiga tsarin jagoranci guda wanda aka ƙirƙiro bayan gobarar dajin Kalifoniya ta 1970, lokacin da rundunoni suka taru amma suka kasa fahimtar juna. An mayar da shi tsarin ƙasa a 2004. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: shugaba ɗaya a wurin, kowa ya san wanda yake karɓar umarni daga gare shi, a kuma yi magana a rediyo da harshen da kowa ke ganewa.

Neman taimako tsani ne. Gunduma ta fara da abin da take da shi, ta kira maƙwabta, sannan ta ayyana dokar ta-ɓaci ta nemi jiha. Gwamna na iya turo dakarun jiha, ya kuma aro ma'aikata daga wasu jihohi ƙarƙashin yarjejeniyar da majalisar tarayya ta amince da ita a 1996. Idan abin ya fi ƙarfin jiha sai ya roƙi shugaban ƙasa, bisa dokar Stafford ta 1988, a nan ne FEMA, hukumar tarayya mai kula da bala'o'i, wadda aka kafa a 1979, ke shigowa. Mutane da yawa suna zaton FEMA ce ke zuwa ceto. Kwanakin farko na maƙwabta ne da 'yan sa-kai, abin da FEMA ta fi kawowa kuɗi ne, kuma mafi yawansa mayarwa ne. Tana ɗaukar aƙalla kashi 75 cikin ɗari na gyaran tituna da gadoji da gine-ginen hukuma, amma galibi sai gunduma ta kashe nata ta kawo rasit, biyan kuma kan ɗauki watanni ko shekaru. Gundumar da gyaran gada ɗaya ya kai rabin kasafinta na shekara, wadda akawunta ɗaya ne, wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya durƙusar da ita.

Inda rauni ya fi kisa shi ne gargaɗi. Hukumar hasashen yanayi tana fitar da sanarwa, amma umarnin a tashi a gudu na jami'an yanki ne. A Mayun 2007 guguwa mafi ƙarfi a ma'auni ta share kusan kashi 95 cikin ɗari na garin Greensburg a Kansas, amma mutum 11 ne suka rasu cikin kusan 1,500, saboda jiniya ta yi kuka kimanin minti 20 kafin isowarta, mutane kuma sun san ɗakin ƙarƙashin ƙasa za su shiga. A Nuwamban 2018 wutar daji ta cinye garin Paradise a gundumar Butte ta Kalifoniya, mutum 85 suka rasu. Tsarin aika saƙon gundumar sai wanda ya yi rajista yake samu, kuma ko cikin waɗanda suka yi, da yawa saƙon bai isa gare su ba. Sai kuma daren 4 ga Yulin 2025 a gundumar Kerr ta Texas, inda kogin Guadalupe ya tashi kusan mita takwas cikin minti 45. Sama da mutum 100 suka rasu a gundumar, har da yara mata da ke wani sansanin hutu a bakin kogin. Shekaru kafin nan gundumar ta tattauna kafa tsarin gargaɗin ambaliya na kusan dala miliyan ɗaya, ta nemi tallafi ba ta samu ba, maganar ta kwanta. Bayan an binne mutane majalisar jihar ta yi dokar kafa jiniya a wuraren da ke cikin haɗari, ta kuma ware kuɗi. Ihu bayan hari ke nan, kuma ba laifin gunduma ɗaya ba ne, tunda tsarin ya saba sakin kuɗi bayan ɓarna fiye da kafin ta.

Gundumomi ba su naɗe hannu ba. Wasu suna haɗe ƙananan rundunoni su zama ɗaya, ko da yake hakan kan jawo rigima, don tashar kwana-kwana a ƙauye ita ce alfaharin gari, wani lokaci ita kaɗai ta rage bayan an rufe makaranta da banki. Wasu suna ɗaukar ma'aikata biyu ko uku na albashi su riƙe rana, 'yan sa-kai su karɓa da dare. Wasu jihohi suna ba 'yan sa-kai rangwamen haraji ko ɗan fansho. Akwai wuraren da faramedik ke zagayawa gida-gida yana duba masu ciwon suga da na zuciya kafin abin ya kai ga kira.

Matakin da na fi ganin ya fuskanci matsalar kai tsaye shi ne na jihar Iowa. A 2021 ta yi dokar da ta ba gunduma damar ayyana motar asibiti a matsayin aiki na wajibi, sannan ta tambayi jama'arta ko sun yarda a ɗora musu haraji na musamman, wanda ba zai wuce santi 75 a kan kowace dala 1,000 ta darajar kadara ba. Kuɗin yana shigowa ko mota ta fita ko ba ta fita ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake nema. Sai dai dokar ta gindaya cewa sai kashi 60 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun amince, sharaɗin da nake ganin ya yi tsauri ga abin da ya shafi rai. A zaɓen Nuwamban 2022 gundumomi takwas suka kai maganar akwati. Biyar suka amince, uku kuma ba su kai adadin da ake buƙata ba.